Hilde Mangold: Ɗalibar da Furojek Ɗinta Ya Ci Nobel Tana Kabari

Ba kasafai ake jin kundin ɗalibi ya jawo lambar yabo ta Nobel ba. Mu nan mun san makomar yawancin abin da muke rubutawa a ƙarshen ND ko HND: a yi masa bango mai kauri, a tsaya gaban malamai ana zufa a kare shi, daga nan sai kabad, ƙura ta ci rabonta. Shi ya sa a wannan fitowar na zaɓi in ba ku tarihin wata Bajamushiya mai suna Hilde Mangold. Ba ta cika shekara 26 a duniya ba, kuma aikin da ya sa ake tunawa da ita guda ɗaya ne tak, wato kundin digirinta na uku. Amma duk wanda yake son sanin yadda ƙwaƙwalwa ke fara ginuwa a cikin ƙwai, ta kwaɗo ce ko ta mutum, dole ya bi ta kan wannan kundin.

An haife ta ranar 20 ga Oktoba, 1898, a garin Gotha da ke tsakiyar Jamus. Sunan gidansu Proescholdt, Mangold ɗin na miji ne. Mahaifinta yana da masana'antar sabulu, ka ga ke nan 'yar masu hali ce, kuɗin makaranta bai zama mata matsala ba. Matsalar mace a lokacin ita ce ƙofar shiga. Sai a 1900 jihar Baden ta fara yarda mata su yi rajista a jami'a kamar kowa, Prussia kuwa, wadda ta fi kowace jiha girma, sai 1908. Hilde ta shiga Jami'ar Jena a 1918, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, ta yi zango biyu ta koma Frankfurt. A can ne wani baƙon malami ya zo ya yi lacca a kan gwaje-gwajen da yake yi da ƙwan dabbobin ruwa. Laccar nan ce ta juya mata rayuwa. A 1920 ta tattara nata ya nata ta bi shi Freiburg don ta yi digiri na uku a ƙarƙashinsa.

Sunan malamin Hans Spemann, haifaffen 1869, kuma a lokacin babu wanda ya kai shi iya yi wa ɗan tayi tiyata. Tambayar da ta dame shi ita ce wadda ko yaro zai iya yi: ƙwai dai dunƙule ne, ba kai ba ƙafa, to wa yake faɗa masa nan ne kai, nan ne baya, nan ne wutsiya? Tun farkon shekarun 1900 ya ɗauki silin gashin jaririyarsa, ya yi zarge da shi, ya ɗaure ƙwai a tsakiya yana matsewa a hankali. In ya raba shi biyu ta inda ya dace, sai a sami 'ya'ya biyu cikakku. In ya matse bai raba ba, sai a sami ɗaya mai kai biyu. Kayan aikinsa ma shi yake ƙera abinsa: allurar gilashi da ake ja a kan ɗan ƙaramin harshen wuta har ta fi gashi siranta, da ɗan bututun tsotso, da madaukin gashi na juya ƙwai. 'Yan SLT da ke ƙunƙuni in an ce a je a koyi narka gilashi, ku ji da kyau, da irin wannan ƙirar aka ci Nobel.

Dabbar da suke aiki da ita ba mu da ita a nan, don haka bari in kwatanta. Siffarta ta ƙadangare ce, ƙafa huɗu da doguwar wutsiya, amma 'yar'uwar kwaɗo ce: fatarta da laima, a ruwa take zuba ƙwai. Masana na kiran jinsin Triturus, ni kuwa zan riƙa ce mata ƙadangaren ruwa. Ƙwanta bai wuce ƙwayar gero ba. Bayan ya haɗu da maniyyi sai ya yi ta rabuwa, sel ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya koma wata 'yar ƙwallo mai rami a ciki. Daga nan sai wata 'yar tsaga ta bayyana a gefe guda, sel-sel na waje su fara gangarawa ciki ta nan, kamar ka danna yatsa a jikin ƙwallon da ta sace. Bakin wannan tsagar ta sama shi ake kira leɓen sama. Ka riƙe sunan nan, don duk labarin a kansa yake.

Da Hilde ta iso, ba a ba ta leɓen sama ba. Spemann ya ba maza ɗalibai ayyukan da ke tsakiyar bincikensa, ita kuma ya ce ta maimaita wani tsohon gwaji na Abraham Trembley, mutumin ƙarni na 18, wanda ya juya wata 'yar halittar ruwa mai suna haidira ciki ya koma waje kamar safa. Ta yi ta fama abin ya ƙi, ko da malamin ya sa hannu bai yiwu ba. Duk wanda sufabaiza ya taɓa ba shi taken da ba ya tafiya ya san zafin wannan. Ni dai a ganina rashin nasarar nan ce babbar sa'arta, don da haidira ta juyu, da a nan za ta ƙare. Da abin ya ƙi, sai aka canza mata aiki.

Sabon aikin, a baki, ba shi da wuya. A yanko leɓen sama daga ɗan tayi ɗaya, a dasa shi a jikin wani ɗan tayin, a gefen da zai zama ciki, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro aure. An taɓa yin makamancin haka. Wani Ba'amurke, Warren Lewis, ya yi da kwaɗo a 1907, ya ga jijiya da tsoka sun fito a wurin dashen, sai ya ɗauka ɗan yankin da ya dasa ne ya girma ya zama su. Shi ma Spemann ya gwada kafin zuwan Hilde. Inda gizo ke saƙar shi ne, in baƙo da mai masauki kamanninsu ɗaya, bayan kwana biyu ba ka iya cewa wannan sel na wane ne.

Dabarar da ta warware wannan ita ce launi. Daga cikin ire-iren ƙadangaren ruwa da ke yankin, akwai biyu da launin ƙwansu ya bambanta. Ɗaya, Triturus cristatus, ƙwansa fari ne fat. Ɗayan, Triturus taeniatus, nasa ruwan ƙasa ne. In ka ɗauko leɓe daga farin ka dasa a jikin mai duhun, kowane sel yana tafe da shaidarsa a jiki. Ko bayan an yanka ɗan tayin siriri-siriri an ɗora a gilashi, kana leƙa madubin ƙara girma za ka ce wannan baƙo ne, wannan ɗan gida.

A aikace kuwa wahala ce tsagwaronta. Dabbobin nan a bazarar Turai kaɗai suke ƙwai, 'yan makonni ne a shekara, in ka rasa su sai baɗi. Sai ka ɓare ƙwan daga cikin yauƙin da ke kare shi, ka cire wata 'yar fata da ke lulluɓe da shi, sannan ka yi yanka da allurar gilashi a jikin abin da bai kai ƙwayar gero ba, hannu ba ya rawa. Kana gamawa kuma sai ƙwayoyin cuta su far masa, don a lokacin ba a gano maganin kashe su ba, ruwan gishirin da ya dace da rainon ɗan tayi ma sai wajen 1931 abokin karatunta Johannes Holtfreter ya haɗa shi. Ta yi dashe sama da ɗari biyu a bazarar 1921 da ta 1922. Waɗanda suka rayu har suka isa a kafa hujja da su, da ƙyar suka wuce yatsun hannu ɗaya.

Amma abin da waɗannan 'yan ƙalilan suka nuna ya isa. A watan Mayun 1921 ta fara ganin ɗan tayi mai baya biyu: nasa na asali, da wani na biyu da ya tsiro a gefen da aka yi dashen, kamar 'yan biyun da aka haifa a manne. Mafi kyawunsu yana da bututun jijiya, wanda shi ne asalin ƙwaƙwalwa da laka, yana da sandar baya da ƙashin gadon baya ke ginuwa a kewayenta, da jerin gutsattsarin tsoka, da bututun ƙoda, har da mafarin kunne. Da aka yanka aka duba launi, sai ga abin mamaki. Fararen sel na baƙon ba su da yawa, galibinsu a sandar baya suke da wani sashe na tsoka. Bututun jijiyar kuwa kusan duk na mai masauki ne, masu duhu. Wato sel-sel ɗin da aka tanada su zama fatar ciki, baƙo ya zo ya sauya musu aiki, suka zama jijiya. Bai gina gidan da kansa ba, 'yan gida ya sa aiki, kuma ya tsara su kowa a mazauninsa. Shi ya sa Spemann ya raɗa wa leɓen sama suna oganaiza, mai tsarawa.

To, ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Ta kammala digiri a 1923. Da za a buga aikin a mujallar masana, Spemann ya sa sunansa, kuma a gaba. Abokan karatunta maza, Viktor Hamburger da Holtfreter, kowa an bar shi ya buga kundinsa da sunansa shi kaɗai. Hamburger, wanda ya san ta sosai, ya ba da labari daga baya cewa abin bai yi mata daɗi ba. Sai dai shi kansa yana ganin malamin yana da hujja, tunda tambayar tasa ce, dabarun nasa ne, kuma shekara ashirin ya yi yana share fagen. Ni ma ban ce Spemann ɓarawo ba ne, ko alama. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ƙa'idar ta canza ne daidai lokacin da sakamakon ya yi tsoka. Da aikin bai taka kara ya karya ba, da ita kaɗai za a bar wa kayanta. Wannan hali bai tsaya a Freiburg ba, kuma ba sai na yi dogon bayani ba.

Akwai ma wata mace kafin ita da aka fi mantawa da ita. Ethel Browne, ɗaliba a Amurka, ta yi dashe a jikin haidira a 1909, ta nuna ɗan yanki daga bakin halittar yana sa jikin mai masauki ya tsiro sabon kai. Takardar 1924 ba ta ambace ta ba.

Rayuwar Hilde ta gida a cikin waɗannan shekarun take tafiya kafaɗa da kafaɗa da aikin. A 1921 ta auri Otto Mangold, babban mataimakin Spemann. Waɗanda suka zauna da ita sun ce mace ce mai fara'a da kaifin basira, mai son adabi da falsafa, ba 'yar lab kaɗai ba. Ka tuna kuma wace Jamus ake magana. A 1923, shekarar da ta kare kundinta, kuɗin ƙasar ya zama takarda, har a watan Nuwamba dala ɗaya ta haura mak tiriliyan huɗu. Albashin safe ba ya sayen burodin yamma. A cikin wannan hali ta haifi ɗanta, Christian. A 1924 mijin ya sami muƙami a Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin halittu, suka koma Berlin.

Ranar 4 ga Satumba, 1924, ta rasu sakamakon ƙunar da ta samu da wani murhun girki mai amfani da mai ya kama da wuta. Shekararta 25, ɗanta bai yi wayo ba. A shekarar ce takardar ta fito.

Bayan shekara 11, a 1935, aka ba Spemann lambar Nobel ta fannin likitanci saboda gano oganaiza. Dokar kyautar ba ta ba da damar a ba wanda ya riga ya mutu, don haka ba a ma kai ga muhawarar ko ta cancanci rabi ba. Ya ambaci sunanta a laccarsa ta karɓar kyautar, a matsayin wadda ta yi gwajin bisa umarninsa. Ya rasu a 1941. Otto Mangold ya shiga jam'iyyar Nazi, har ya shugabanci Jami'ar Freiburg a zamanin Hitila. Christian kuwa a Yaƙin Duniya na Biyu aka kashe shi.

Akwai wani abu a gwajin nata da nake so mu koma kansa, don shi ya buɗe hanyar da ake bi har yau. Ɗan tayin nan na biyu bai da cikakken kai. Daga daidai kunne ya fara, babu ido, babu gaban ƙwaƙwalwa. Me ya sa? Spemann ya nuna a 1931 cewa lokaci ne: leɓen da aka yanko da wuri, tsagar tana fara buɗewa, shi ke sa a yi kai, wanda aka yanko a makare kuwa gangar jiki da wutsiya yake bayarwa. Otto Mangold ya ƙara a 1933 da cewa kowane sashe na abin da ya gangara ciki yana da yankin jijiyar da yake kira. Saura a san da wane harshe baƙon yake ba da umarni. A 1932 aka gano ko an dafa leɓen, ko an busar da shi, ko an daskarar, yana iya sa a yi jijiya, sai kowa ya ce sinadari ne. Aka shiga farauta. Abin haushi, sai ya zamana kusan komai aka gwada yana aiki, har da wani shuɗin rini na lab. Shekara kusan sittin ana wannan lalube, da yawa suka gaji suka bar fagen.

Wanda ya fid da jaki daga duma kwaɗon Afirka ne. Xenopus, kwaɗo mai farce da ke zaune cikin ruwa, in an yi wa macen allurar homon sai ta zuba ƙwai ko wane wata ne, ba jiran bazara. Da ma da shi aka riƙa gwajin ciki a asibitocin Turai daga shekarun 1930, kafin a daina. Wani ɗan ƙaramin ɗan'uwansa, Xenopus tropicalis, shi ne na farko a dangin kwaɗi da aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa, aka buga a 2010, kuma zuriyar da aka yi aikin da ita daga Najeriya aka samo asalinta. Da ƙwan Xenopus aka fara kamo ƙwayoyin gadon da ke kunne a leɓen sama: goosecoid a 1991 a lab ɗin Edward De Robertis, noggin a 1992 a hannun William Smith da Richard Harland, chordin a 1994. Amsar ta zo a juye. Sel-sel na bayan ɗan tayi da ma a shirye suke su zama jijiya, wani furotin mai suna BMP ne yake danne su yana cewa a zama fata. Abin da oganaiza ke fitarwa yana kama BMP ne ya riƙe, sai jijiya ta samu sarari. Kai kuma yana buƙatar a toshe wani saƙon na biyu, Wnt. Masu yin wannan aikin an ba su sunaye masu ban dariya: cerberus, sunan wani kare mai kawuna da yawa a tatsuniyar Girkawa, da dickkopf, wato ƙaton kai da Jamusanci.

Daga nan ake bin ƙwaƙwalwa unguwa-unguwa. Misali ɗaya ya ishe mu. A tsakiyar ƙwaƙwalwar kwaɗo akwai wani rufi, tektum, inda saƙon ido ke sauka. Dab da gabansa akwai ɗan yanki da ake kira firitektum. Jörg-Peter Ewert, wani Bajamushen, ya nuna amfaninsa da kwaɗin tudu: lafiyayyen kwaɗo yana kai wa abu siriri mai tafiya kamar tsutsa cafka, ya guje wa babban abu. In aka lalata wannan yankin, sai ya rasa birki, ya riƙa kai wa komai bara, har abin da ya kamata ya guda. Mu ma muna da shi. In nas ta haska maka tocila a ido ɗan bakin idon ya tsuke, ta firitektum saƙon ya bi. A ɗan tayi, tun kafin yankin ya yi wata siffa da ido zai gane, ƙwayoyin gado sun riga sun shata shi. Otx2 tana kunne a duk gaban ƙwaƙwalwa da tsakiyarta. Inda Pax6 ta tsaya daga baya, nan ce iyakar firitektum da tektum. Pax3 tana nuna iyakarsa ta gaba. Masu bincike a Sifaniya, su Luis Puelles da Agustín González da abokan aikinsu, sun nuna cewa a Xenopus yankin ya kasu layi uku daga gaba zuwa baya, kowane layi da haɗin ƙwayoyin gadon da ke kunne a cikinsa, kuma tsarin ya yi daidai da na ɗan tsako da na ɓera. Yadda suke ganin haka shi ne da rini: ana sa wani sinadari da ke manne wa saƙon ƙwayar gado guda ɗaya, duk inda take aiki sai wurin ya yi shuɗi-shuɗi. Har yanzu dai launi ne ke faɗa wa mai leƙa madubi waye waye, sai dai nata Hilde a jikin ƙwan ta same shi.

Sunanta kuwa ya daɗe a gefe. Shekaru da yawa littattafai oganaizan Spemann suke cewa. Wanda ya tsaya tsayin daka ya dawo da ita shi ne abokin karatun nan nata, Viktor Hamburger. Yana Chicago a 1933 aka kore shi daga aikinsa na Freiburg saboda asalinsa na Yahudawa, ya zauna a Amurka ya zama babban malami a St. Louis. Yana da shekara tamanin da ɗoriya ya rubuta maƙala a kanta a 1984, sannan littafi a kan zamanin Spemann a 1988, kuma yau yawancin masana oganaizan Spemann da Mangold suke cewa. A tsakanin rubuce-rubucen nan biyu, a 1986, aka ba Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen lambar Nobel saboda gano sinadarin da ke sa jijiya girma, aikin da a lab ɗin Hamburger aka fara shi, da hannunsa a ciki. Ba a sa sunansa ba. Ya rasu a 2001 yana da shekara 100.